Ku daina tambayata wace waya ce ta fi kyau

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Shekarata goma sha huɗu ina gyaran waya a Kano. Na fara ne tun lokacin da Nokia mai tocila take tashe, lokacin da idan waya ta faɗi sai ta rabu uku, marfi gefe, batir gefe, ka tsince su ka haɗa ka ci gaba da kiranka. Daga lokacin zuwa yau, babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a yi min tambayar nan ba, a shago ko ta Messenger: "Injiniya, wace waya ce ta fi kyau?"

Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. Kowace waya kyakkyawa ce ranar da aka zaro ta daga kwali. Ni kuwa ba a kawo min waya a ranar. Ana kawo min ita ne bayan ta daki siminti, ko ta faɗa bokitin wanki, ko ta shekara tana kwana a wurin mai caji da janareto. Don haka abin da ni na sani shi ne yadda waya take bayan ta ji jiki, da kuma halin kamfanin da ya yi ta bayan ya riga ya karɓi kuɗinka. Tambayar da nake so a riƙa yi min ita ce: idan wannan wayar ta lalace, za ta gyaru a garin nan? Da nawa? Cikin kwana nawa?

Bari in ba ku labarin da ya sa na zauna rubuta wannan.

A azumin da ya wuce, saura kamar mako biyu Sallah, wata Hajiya ta zo shagona. Sana'arta sayar da atamfa da leshi da mayafai, daga gida, duk ta WhatsApp. Ƙaninta ne ya yo mata tsarabar waya daga Dubai, wayar wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Waya ce mai kyau, wallahi ko ni da na buɗe ta sai da na yaba aikin da ke cikinta. Jikanta ya yar da ita, sikirin ya mutu, baƙi ƙirin, tana ƙara idan an kira amma ba a ganin komai. Na ce, "Hajiya ki zauna, yanzu za a duba." Na tura yarona ya zaga Farm Centre, babu. Na kira mutanena na Computer Village a Legas, babu, wani ma ya ce bai taɓa jin lambar ba. Kamfanin ba shi da ofis a nan, ba shi da wakili. Sai da muka yi oda daga Chaina. Bayan mako uku kaya ya iso, na ɗora, ashe ba nata ba ne. Suna ɗaya, girma ɗaya, amma igiyar da ke shiga fanel daban, don kamfanin yana yin iri biyu, na wannan yanki da na wancan. Muka sake oda.

Duk bayan kwana uku sai ta kira ni. Wata rana ta ce, "Ɗana, ni fa ba wayar ce ta dame ni ba. Littafin bashina ne a ciki." Duk wadda ta ɗauki turmi biyu za ta biya ƙarshen wata, duk wadda ta ba da rabi, duk hoton rasit ɗin tura kuɗi, suna cikin hirarrakin nan, kuma ta kashe ajiyar WhatsApp tun tuni don wai tana cin data. Ta sayi ƙaramar waya ta sa layinta, amma hirarrakin ba su biyo ta ba. Mako bakwai cif kafin wayar ta kawo haske. Sallah ta wuce, kasuwar shekara ta wuce, wasu masu bashin kuma tuni sun manta, ko sun yi kamar sun manta.

To a nan laifin wa? Wayar ba ta da wani aibu a ƙira. Marainiya ce kawai. Kuma marainiyar waya, komai kyanta, rana ɗaya ce za ta zama dutsen danne takarda.

Wannan ne abin da mutanen Transsion suka gane tun da wuri, kuma kafin wani ya ce an biya ni, ba wanda ya ba ni ko sisi. Ga wanda bai sani ba, Tecno da Infinix da itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen a Chaina. Kullum idan ana maganar yadda suka mamaye kasuwar Afirka sai a ce araha ce, da sim biyu, da babban batir, da kyamarar da ta san baƙar fata. Duk gaskiya ne. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne sun kafa wani reshe na musamman, Carlcare, wanda aikinsa kawai gyara da kayan gyara. Kuma saboda wayoyin sun yi yawa a hannun mutane, 'yan kasuwa ma suna shigo da kayansu ba sai an roƙe su ba. Ka fasa sikirin da safe, kafin La'asar ka koma gida da wayarka. Ga mai POS, ko ɗan adaidaita da fasinjojinsa ke kiransa, ko mai sayar da abinci ta oda, wannan ya fi masa kyamara mai ido huɗu.

Sai dai kada a ɗauka mai araha ba ta da nata ciwon. Ƙananan wayoyi, na kowane kamfani ne kuwa, matsalarsu yawan haihuwa. Kafin ka gama biyan bashin wadda ka saya an fito da ƙanwarta, kafin shekara ta zagayo an fito da jikarta, kowacce da nata sikirin, da nata batir. Ɗan kasuwa ba zai tara kayan duka ba, na yayi yake ajiyewa. Wayar da kayanta ke zube a kasuwa bana, nan da shekara uku sai an yi cigiya. Ga kuma ƙarancin ma'adana, da daina sabunta manhaja da wuri. Jikin wayar lafiya lau, amma wata rana manhajar bankinka za ta ce ba ta aiki da wannan tsohon Android ɗin. Wannan lalacewar ba ni da maganinta, ba a gyara ta da dalma.

A nan manyan suka yi abin a yaba. Google ta yi alkawarin shekara 7 tana sabunta manhajar Pixel 8 da ta fitar a 2023, Samsung ma ta bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. Madalla. Amma ni abin da nake tambaya, wace waya ce za ta shekara bakwai a aljihun Bakano ba ta faɗi ba? Manyan wayoyi sikirin ɗinsu OLED ne, wasu ma mai lanƙwasa a gefe, kuma shi ne abu mafi tsada a jikin wayar. Da dala ake sayo shi. Kun dai san a farkon watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mutum ya daure ya sayi babbar waya 'yar gwanjo, ta faɗi sau ɗaya, a faɗa masa kuɗin sikirin, ya ga kuɗin zai saya masa sabuwar ƙaramar waya a kwalinta har da canji. Sai ya ce a sa masa kwafi. To kwafin da ya fi araha LCD ne, kuma idan wayar irin mai karanta zanen yatsa a cikin sikirin ce, wannan ya tafi ke nan, ga kauri, ga cin batir, ga launi ya dusashe. Babbar waya ta koma ƙarama, sunan ne kawai ya rage a bayanta.

Sai mu zo kan iPhone, don na san a nan ne za a yi min ca.

Maganar gaskiya, ta fuskar ƙira akwai abin yabo. Sikirin da batir suna fita cikin tsari, kuma saboda duniya kaf ana amfani da ita, kayanta ba sa yankewa. Rigimar da masu gyara na duniya suka daɗe suna yi da Apple a kan wani abu ne daban: ɗaure kaya da fanel. Kowane batir, kowane sikirin, kowace kyamara tana da lambarta, kuma wayar ta haddace lambar. Tun daga iPhone XS da XR, idan aka canza batir ba ta hanyar kamfanin ba, wayar takan fito da saƙo cewa ba ta iya tabbatar da batir ɗin ba, a da har takan ɓoye bayanin lafiyarsa, ko da kuwa daga wata iPhone aka ciro shi. Da iPhone 13 ta fito a 2021, canza sikirin kaɗai yana kashe Face ID, sai da aka yi ta surutu kafin suka janye da sabuwar manhaja. Ka ga mai waya bai san duk wannan ba. Shi dai ya ga saƙo, sai ya yanke cewa mai gyara ya cuce shi.

Kuma ba yau aka fara ba. A ƙarshen 2017 Apple ta amsa da bakinta cewa tana rage gudun wayoyin da batir ɗinsu ya tsufa. Dalilin da ta bayar shi ne don kada su riƙa mutuwa ba zato, kuma a matsayina na mai gyara na san dalilin yana da tushe. Laifin shi ne ba a faɗa wa mutane ba, da yawa suka sayi sabuwar waya alhali batir kawai suke buƙata. Suka ba da haƙuri, suka sauke kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29 a 2018, Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020. A yi musu adalci, sun sassauta daga baya: a 2022 suka fara sayar wa mutane kayan gyara kai tsaye a Amurka, a 2024 kuma suka buɗe hanyar da wasu wayoyin za su karɓi kayan asali da aka ciro daga wata wayar. Amma ku lura da abu ɗaya. Kowane sassauci, sai da aka matsa kafin ya zo.

Af, tun da na tuna, masu sayen 'yar gwanjo ku kula. Daga iPhone 14 zuwa sama, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da ramin sim kwata-kwata, eSIM ce kawai. Ka juya gefen wayar ka duba kafin ka tura kuɗi. Idan kuma ka ga 'yar Amurka da ramin sim, to wani ne ya fasa ta ya ƙirƙira mata, kuma ba ka san me ya taɓa ba a hanya.

Akwai abin da mai saye ba ya gani sai mu da muke buɗewa. Ɗauki bakin caji, wanda shi ne ya fi komai kawo mana kwastoma bayan sikirin. Wani kamfanin yana ɗora shi a kan wani ɗan ƙaramin allo daban. Ya lalace, ka kwance ka jefar ka sa sabo, minti ashirin, kuɗi kaɗan. Wani kuma sai ya liƙa shi a jikin babban fanel, dole ka kunna bulowa ka hura zafi kusa da ayisi da makirfo, kuskure kaɗan ka kashe abin da ba shi aka kawo ba. Batir ma haka. Wani yana sa masa 'yar ledar ja, ka ja ya fito salin-alin. Wani kuma ya malala gam kamar yana gaba da wanda zai buɗe, kana ɓamɓara kana addu'a, don batirin lithium idan ya huje wuta yake kamawa. Duk wannan ba tsautsayi ba ne. Wani ne ya zauna a ofis ya zaɓi hakan, ko don ya rage kuɗin haɗawa, ko don wayar ta ƙara siranta, ko don bai damu da abin da zai faru bayan shekara biyu ba. Taswirar fanel kuwa, wadda da ita ake bin layi a gano inda wuta ta tsaya, kamfanoni ba sa ba wa irinmu. Sai dai mu biya kuɗin wasu manhajoji da masu gyara irinmu suka tattara, da dala, duk shekara.

Ga kuma ƙasar da muke ciki. Apple da kanta ta rubuta cewa an tsara wayarta ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma sauran ma kusan nan suke. Kano a watan Afrilu muna haura 40. Ka ɗora a kan haka mutum ya jona caji, ya sa ta ƙarƙashin filo, yana kallon bidiyo. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, shi ya sa namu ke kumbura da wuri. Hunturu ya shigo, ƙura ta cika bakin caji da lasifika. Wuta kuma ta zo da ƙarfi ta tafi ba sallama, ga cajar ɗari biyar da aka saya a bakin titi. Sannan ka ɗauko takardar garanti ka karanta: ban da faɗuwa, ban da ruwa, ban da wadda wani ya taɓa buɗewa. Wato ban da kusan duk abin da ke kashe waya a garin nan.

Yanzu bari in juyo kanmu, don ba zan tsaya ina nuna kamfanoni da yatsa in manta da sauran yatsun ba. A cikinmu masu gyara akwai ɓata-gari, kuma mun san su. Akwai mai sa kwafi ya karɓi kuɗin orijinal. Akwai wanda za a kawo masa matsalar caji ya cire batirin mutum mai kyau ya musanya da gajiyayye. Akwai yaron da ya yi wata huɗu a gaban oga ya buɗe tebur, yana koyon aiki da wayar mutane, ya ƙona fanel ya ce dama a mace aka kawo ta. Akwai masu buɗe hotunan mutane, wannan ma ya fi komai muni, musamman wayoyin mata, Allah ya shirya mu. Duk lokacin da kamfani ya ce yana kulle kayansa ne don ya kare kwastoma daga masu gyara marasa amana, mu ne muka miƙa masa hujjar. Ni dai a shagona ƙa'ida ce, duk abin da na cire sai na miƙa wa mai waya a leda, kuma sai na faɗa masa aji nawa ne abin da zan sa, ya zaɓa da kansa. Wanda mai gyaransa ba ya yin haka, ya tambaye shi dalili.

Amma gyaran halinmu ba zai kawo sikirin ɗin Hajiya kasuwa ba. Wannan aikin doka ne, kuma wasu sun riga sun yi. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta a manna wa waya maki, daga 0 zuwa 10, da ke nuna sauƙin gyaranta, a gani kusa da farashi. Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen 2024, shi ya sa kuka ga iPhone 15 ta sauya baki. Daga 20 ga Yunin 2025 kuma, duk wayar da za a shigar kasuwarsu sai kamfanin ya ci gaba da samar da muhimman kayan gyaranta har shekara 7 bayan ya daina sayar da ita, ya sabunta manhajarta aƙalla shekara 5, kuma batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. Jihar Oregon a Amurka ta yi doka a 2024 da ta hana amfani da ɗaure kaya da fanel wajen toshe gyara. Waɗannan fa mutanen da ke da kuɗin canza waya duk shekara ne. Mu da muke riƙe waya har sai ta ce ga garinku, mu ne muka fi buƙatar irin wannan dokar.

Kuma ba wai ba mu da komai ba. Akwai dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma a cikinta an ba mai saye damar mayar da kayan da ya zo da aibu cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Mutum nawa ne suka san da wannan a cikin masu karanta rubutun nan? Har yau rasit ɗin shaguna da yawa yana ɗauke da cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi, kuma muna karɓa mu ninke mu sa a aljihu. Sannan hukumar NCC ce ke amincewa da irin wayar da za a sayar a ƙasar nan. To ra'ayina, kuma ina nan a kansa, shi ne a ƙara sharaɗi: duk kamfanin da ke son kasuwar mutum sama da miliyan 200, ya nuna inda cibiyar gyaransa take, ba Legas da Abuja kaɗai ba, ya rubuta shekara nawa zai kawo kayan gyara, kuma ya yarda ya sayar wa masu gyara masu rajista a farashin da kowa zai iya gani. Wani zai ce hakan zai ƙara tsadar waya. Zai iya ƙarawa kaɗan, ban musa ba. Amma tsadar muna biyanta yanzu ma, kawai dai ba a ranar saye ba.

Kafin a kai can, ga abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Idan ka zaɓi waya, kada ka biya tukuna. Ka ɗauki cikakkiyar lambarta, ba sunan talla kaɗai ba, ka shiga wurin masu kayan gyara ka tambayi mutum biyu ko uku: akwai sikirin ɗin wannan? Nawa orijinal, nawa kwafi? Akwai batir? Idan aka ce sai an yi oda, ka san inda ka dosa. Idan kuɗin sikirin ya doshi rabin kuɗin wayar, ka tambayi aljihunka ko zai iya ɗaukar faɗuwa ɗaya. Masu yo tsaraba daga waje ma, don Allah ku riƙa kira ku tambaya kafin ku saya wa iyaye abin da babu mai iya taɓa shi a garinsu. Kuma ku kunna ajiyar WhatsApp ɗin nan, ko sau ɗaya ne a mako, ba sai da bidiyo ba.

Hajiya ta dawo bayan Babbar Sallah da ɗanta, ta ce za ta sayar da ta Dubai ɗin ta sayi wata. Na rubuta mata lambar wayoyi uku, yarona ya raka ɗan nata suka je suka jiyo kuɗin sikirin ɗin kowacce. Ta kalli takardar ta ɗauki ta tsakiya. Ɗan yana ta mita wai kyamarar ba ta kai waccan ba, ta ce masa, "Kai, atamfa zan ɗauka, ba fim zan yi ba." Ta kuma sayi littafi mai bango baƙi na rubuta bashi.

Sikirin ɗin farko da ya zo ba daidai ba kuwa yana nan a durowata, sabo fil a ledarsa, kuɗina ne a kwance. Duk mai baƙuwar wayar da ya rasa sikirin ya turo min lambarta ta saƙo, idan ya dace ya zo ya ɗauka a yadda na saya.